Musayar Ilimi ta Waya da Intanet Tsakanin Ma'aikatan Lafiya da na Jin Daɗin Jama'a: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin likitoci, ma'aikatan jinya, ungozomomi, masu harhaɗa magunguna, jami'an jin daɗin jama'a, da masu kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi.

Me ake nufi da musayar ilimi ta hanyar fasaha?

Ilimin wannan aiki kashi biyu ne. Akwai rubutacce: ƙa'idojin ba da magani, sakamakon bincike, jadawalin awo. Akwai kuma wanda yake cikin kan mutane, wanda daɗewa a bakin aiki ne ya koyar da shi: yadda ungozomar da ta jima take gane cewa jinin mai haihuwa ya wuce kima tun ba a auna ba, ko yadda jami'in jin daɗin jama'a yake jin amsar yaro ya san an haddace masa ita ne. Musayar ilimi ita ce a kai duka biyun hannun mai buƙata a daidai lokacin da yake buƙata, ta zauren WhatsApp ko Telegram, ko taron bidiyo, ko manhajar waya, ko rumbun takardu na intanet.

Kashi na farko tura shi ba wuya, danna waya ne kawai. Na biyu ba ya fita sai an yi tambaya an ba da amsa, an musa an sake bayani. A ganina, nan ne tsare-tsare da yawa suke yin tuntuɓe: a cika rumbu da takardu, a manta da samar da wurin da ƙaramin ma'aikaci zai yi tambaya a amsa masa.

Muna da littattafai da tarurrukan ƙara wa juna sani. Me fasaha za ta ƙara?

Lokaci da nisa. Taron bita sau ɗaya ko biyu ake yi a shekara, kuma mutum kaɗan ake turawa, alhali tambaya tana tasowa ne da ƙarfe biyun dare, majinyaci yana gabanku. Akwai wani ƙiyasi da ake yawan ambata, wanda ya fito a shekarar 2000, cewa sakamakon bincike yakan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya zama abin da ake yi yau da kullum a asibitoci. Ku kwatanta da ranar 16 ga Yunin 2020, da masu wani binciken magunguna mai suna RECOVERY na Jami'ar Oxford suka sanar da cewa maganin dexamethasone yana rage mutuwar masu korona da jikinsu ya tsananta. Cikin 'yan kwanaki labarin ya karaɗe duniya, asibitoci suka fara sauya yadda suke yi.

Duk da haka, jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan fasahar zamani a harkar lafiya ya ɗauki horo ta waya a matsayin ƙari ga horon da aka saba, bai ce ya maye gurbinsa ba. Ɗinki da sa allurar ruwa da farfaɗo da jariri sai an kama hannun mutum an nuna masa.

Da wace hanya ya kamata mu fara?

Da wadda take cikin wayoyinku tuni. Idan kowa ya iya WhatsApp, kada a ɗora wa mutane sabuwar manhaja mai neman rajista da wata kalmar sirri, sai dai idan za a riƙa ambaton bayanan majinyata, wanda hukuncinsa daban ne (duba tambayar zauren WhatsApp a ƙasa). Ku zaɓi matsala guda da take damun kowa, misali kula da gyambon masu ciwon suga ko sallamar tsofaffi daga asibiti, ku sa mata lokaci tsayayye, ku naɗa wanda zai riƙe ragamar.

Ana yawan ambaton tsarin ECHO. Yaya yake aiki?

Dakta Sanjeev Arora, likitan hanta a Jami'ar Niyu Meksiko ta Amurka, shi ya ƙirƙiro shi a 2003. Masu ciwon hanta nau'in C sun yi masa yawa, suna jiran watanni kafin su gan shi, wasu kuma daga nesa ƙwarai suke zuwa. Sai ya ga da a ci gaba da jigilar marasa lafiya zuwa wurin ƙwararre, gara a kai ilimin ƙwararren wurin ma'aikatan da suke kusa da su. Binciken da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2011 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa magani a ƙananan cibiyoyi da gidajen yari ta wannan tsari sun warke daidai da na asibitin jami'ar, kusan kashi 58 cikin 100 a kowane ɓangare.

Ga yadda zama ɗaya yake kasancewa. A lokaci sananne, mako-mako ko bayan mako biyu, tawagar ƙwararru takan hau bidiyo tare da ma'aikatan cibiyoyi daban-daban. Wata ma'aikaciyar jinya ta gabatar da majinyacinta ba tare da suna ba: shekarunsa, abin da ya kawo shi, gwajin da aka yi, maganin da aka ba shi, da inda ta maƙale. Kafin ƙwararre ya buɗe baki, sai a fara ba takwarorinta dama su yi mata tambayoyi su faɗi ra'ayinsu. Daga baya ƙwararrun su ɗora, a tattara shawara a rubuce a tura mata. Akan haɗa da ɗan gajeren darasi.

Wannan jerin, na fara jin takwarori kafin manya, shi ne abin da na fi so a kwaikwaya. Wanda ya saurari irin wannan gabatarwa mako bayan mako, wata rana shi ne zai riƙa amsa wa wasu. Majinyacin kuma yana nan a hannun ma'aikaciyar da ta gabatar da shi, abin da ya bambanta tsarin da ganin likita ta bidiyo.

Ya halatta a tattauna matsalar majinyaci a zauren WhatsApp?

Amsar tana ga dokar ƙasarku da ƙa'idar wurin aikinku, su za a fara dubawa. Tarayyar Turai tana da GDPR da ta fara aiki a Mayun 2018, Amurka tana da HIPAA tun 1996, ƙasashe da dama kuma sun yi tasu dokar kare bayanan mutane, kuma bayanin lafiya yana cikin waɗanda aka fi tsaurarawa a kansu.

Gaskiya ne tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Amma kullen yana ƙarewa ne da saƙon ya sauka. Hoto yakan faɗa cikin taskar hotunan waya, yara su ɗauki wayar su yi wasa, a sace ta, ko a ajiye kwafin hirar a intanet ba tare da an kunna kulle ba. Wanda ya bar aiki tun bara yana iya kasancewa cikin zauren har yanzu. Saboda haka a bar zaure na gama-gari ga koyo da tambayoyin da ba za su nuna ko wane ne majinyacin ba. Bayanin da yake ɗauke da suna a bi da shi ta hanyar da wurin aiki ya amince da ita, kuma duk shawarar da aka yi aiki da ita a rubuta ta a fayil ɗin majinyacin.

To yaya zan ɓoye majinyaci in kuma samu shawarar da nake nema?

Cire suna shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Ƙa'idar HIPAA ta lissafa abubuwa 18 da za su iya tona mutum, ciki har da cikakken kwanan wata, lambar waya, lambar fayil, adireshi da hoton fuska. Ku ɗauki misalin hoton ciwo a ƙafa. An yanke fuska, an natsu. Amma a gefen hoton ga bakin katin asibiti da rabin lamba a jiki, ga tabon ƙuna a ƙauri wanda duk danginsa suka sani, ga allon kan gado da alli ya rubuta ranar kwanciya. Fayil ɗin hoton kansa yana iya ɗauke da lokaci da wurin da aka ɗauka. Kafin a tura, a buɗe hoton a faɗaɗa shi, a bi kusurwa huɗun da ido.

Labari ma yana tonawa. Idan aka haɗa sana'ar mutum da yawan 'ya'yansa da cutar da ba a cika gani ba, a ƙaramin wuri an riga an faɗi sunansa. A ce mace mai shekara talatin da wani abu, a bar sana'a idan ba ta shafi ciwon ba. Hoto kuwa, ko an ɓoye komai, a nemi izinin mai shi, a gaya masa su wa za su gani da dalilin nuna musu. Idan ya ce a'a, magana ta ƙare.

Tsoron tona sirri ba zai sa mu riƙe bayanin da ya kamata a bayar ba?

Yana sawa, kuma illarsa ba ƙarama ba ce. Victoria Climbié yarinya ce mai shekara 8 da ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 sakamakon azabtarwar masu riƙonta. Kafin rasuwarta ta shiga asibitoci biyu, 'yan sanda sun san da ita, ma'aikatun jin daɗin jama'a da dama sun san da ita. Rahoton binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna yadda kowa ya riƙe guntun abin da ya sani, aka rasa wanda zai haɗa su wuri ɗaya.

A Ingila akwai ƙa'idojin Caldicott na kare bayanan majinyata, waɗanda suka fara da guda shida a 1997. A 2013 aka ƙara ta bakwai, wadda take cewa wajibcin isar da bayani yana iya kaiwa matsayin wajibcin rufe sirri. Abin da ake nema shi ne a rarrabe abu biyu. Idan don koyo ne, a ɓoye mutum gaba ɗaya, kamar yadda amsar da ta gabata ta bayyana. Idan don kulawa da shi ne kai tsaye, ko don kare yaro ko babba mai rauni daga cutarwa, a faɗi abin da ake buƙata ga wanda aikin ya rataya a kansa, ta hanyar da doka ta tanada, a kuma rubuta abin da aka faɗa da dalili.

Me ya sa ake yawan barin ma'aikatan jin daɗin jama'a da masu kula da mutane a gida a baya?

Hukumar da take ɗaukarsu aiki daban, kasafinsu daban, kwamfutocinsu daban idan ma suna da su, kalmomin aikinsu ma daban. Sai kuma raini, wanda ba a cika faɗa a fili ba: ana ganin ilimi daga asibiti yake gangarowa, su nasu karɓa ne. Wannan kuskure ne mai tsada. Likita yana ganin tsoho na minti goma, mai kula da shi a gida kuwa tana ganin cewa ƙwayoyin da aka rubuta suna nan cikin kwalinsu ba a taɓa ba, domin idonsa ba ya karanta rubutun, ko domin suna sa shi jiri ya daina sha bai gaya wa kowa ba.

Duk wanda zai kafa zaure ko zaman bidiyo kan tsofaffi, lafiyar ƙwaƙwalwa, masu buƙata ta musamman ko kare yara, ya sa waɗannan ma'aikata tun ranar farko, ya ba su damar gabatar da nasu matsalolin. A rage gajerce-gajercen kalmomin likitanci, a sa lokacin zama daidai da yanayin aikinsu, tunda da yawansu suna kan hanya ne daga gida zuwa gida.

Ta yaya zan gane saƙon da aka turo ingantacce ne?

Tambaya huɗu: wa ya fitar da shi, yaushe, don su wa, kuma ina asalinsa? Saƙon da ya ce wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, ba mahaɗi ba kwanan wata, a ajiye shi sai an gani a shafin hukumar.

Abin da ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari shi ne gaskiyar da aka gutsure. Binciken dexamethasone da aka ambata a sama ya nuna raguwar mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda suke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga masu karɓar iskar oksijin kawai. Ga waɗanda ba sa buƙatar taimakon numfashi kuwa bai nuna wani amfani ba. Idan wannan jimla ta ƙarshe ta faɗi a hanya yayin turawa, saƙon ya koma cewa an samu maganin korona, a shiga ba wanda bai kamata ba. Manyan mujallu ma sukan janye abin da suka buga: a Mayun 2020 The Lancet ta buga bincike kan ba masu korona maganin hydroxychloroquine, a farkon Yuni aka janye shi domin an kasa tantance bayanan da aka gina shi a kai. Kwafin da ya riga ya shiga wayoyi ba ya janye kansa, don haka wanda ya tura abu ya ɗauki nauyin tura gyaransa a wurin da ya tura shi.

Ina ake samun ingantattun bayanai kyauta ko da rahusa?

PubMed na Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka a buɗe yake ga kowa tun 1997, yana ba da taƙaitaccen bayanin bincike, wani lokaci da cikakken rubutun. Cochrane, da aka kafa a 1993, tana tattara bincike da yawa kan tambaya guda ta auna ƙarfinsu, kuma tana yin taƙaitawa cikin sauƙin harshe. Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, yana ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu kyauta ko da rangwame; cibiya ce take yin rajista, don haka ku tambayi mai kula da ɗakin karatunku. Akwai OpenWHO tun 2017 don darussan annoba da agajin gaggawa, da ProMED tun 1994 don labarin ɓullar cututtuka, wanda ya ba da rahoton baƙuwar cutar huhu ta Wuhan a ranar 30 ga Disambar 2019. Duk abin da kuka karanta, ku gwama shi da jagoran magani na ƙasarku kafin aiki da shi.

Zaurenmu ya cika da gaisuwa da sanarwa, ƙananan ma'aikata kuma ba sa tambaya. Me za a yi?

An ce matambayi ba ya ɓata, amma mutum ba zai yi tambaya ba a inda ya ga an kunyata wani. Sau ɗaya babba ya amsa da cewa wannan ai tun a makaranta aka koya muku, an rufe bakin mutum ashirin. Gyaran daga sama yake farawa: babban likita ko shugabar ma'aikatan jinya su riƙa kawo abin da ya shige musu duhu, su tambayi mai harhaɗa magunguna ko jami'ar jin daɗin jama'a a gaban kowa. Mai jin nauyi a ba shi damar tura tambayarsa ga mai kula da zaure, a saka ta ba suna.

Gaisuwa da ta'aziyya da barka suna da muhimmanci, a buɗe musu nasu zaure. Na aiki ya samu ƙa'idoji kaɗan a rubuce, da wanda zai tabbatar kowace tambaya ta samu amsa cikin lokacin da aka yarda a kai. A kuma mutunta hutun mutane, kada a mai da zauren wata hanyar kiran wanda ya tashi daga aiki.

Yaya ake rubuta tambaya yadda za a amsa da sauri?

Akwai tsarin da ake kira SBAR, mai gaɓa huɗu: halin da ake ciki yanzu, abin da ya gabata, yadda kuke ganin lamarin, da abin da kuke nema. Hoto da kalmar a taimaka kawai yana jawo tambayoyi goma kafin a kai ga shawara. Ku faɗi kayan aiki da magungunan da kuke da su, domin kada a ba ku shawarar gwajin da babu shi a wurinku. Idan gaggawa ce, a kira waya.

Idan na bi shawarar da aka ba ni a intanet aka samu matsala, alhakin wa?

A bisa al'adar wannan aiki, wanda majinyaci yake hannunsa shi ne mai yanke hukunci, domin shi ya gan shi ya taɓa shi. Mai ba da shawara shi ma ba a sauke masa nauyi ba: ya tsaya a iyakar fanninsa, ya faɗi cewa bisa abin da aka gaya masa yake magana, ya kuma ce a tura majinyaci gaba idan hakan ya fi. Dokoki sun bambanta, musamman idan shawarar ta tsallaka iyakar ƙasa, don haka a nemi matsayar hukumar da ta ba ku lasisi. A rubuta a fayil sunan wanda aka tuntuɓa, lokaci, abin da ya ce, da abin da aka yi.

Intanet ɗinmu ba shi da ƙarfi, data kuma tana da tsada.

Rubutu da saƙon murya ba sa cin data kamar bidiyo. A taron bidiyo a kashe kyamara in ban da mai magana, a naɗi zaman, a fitar da murya kawai tare da taƙaitawa ta shafi ɗaya ga waɗanda sabis ya yanke musu. Ma'aikatan cibiya ɗaya su taru a kan waya ko kwamfuta guda, wanda yakan sa tattaunawar ta ci gaba bayan an rufe. Akwai manhajojin da suke aiki ba intanet da zarar an sauke su, kamar Safe Delivery App na gidauniyar Maternity Foundation ta Denmak, mai nuna matakan ceton mai haihuwa da jariri cikin zanen bidiyo. Kuɗin data kuma, idan koyon na aiki ne, bai dace ya fito daga albashin ƙaramin ma'aikaci ba.

Za a iya dogara da ƙirƙirarriyar basira wajen neman amsa?

Tana taimakawa wajen taƙaita dogon rubutu, sauƙaƙa bayani, da shirya darasi. Amma takan kawo kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa, har ta ƙago sunan binciken da ba a taɓa yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan ɗa'ar amfani da ita a 2021, ta ƙara wani a Janairun 2024 kan manyan manhajojin da suke rubutu da hira. Awon magani, musamman na yara da masu juna biyu da masu ciwon ƙoda, a tabbatar da shi a littafin magunguna na hukuma. Tambayoyi huɗun tantance saƙo da aka kawo a sama suna aiki a nan ma, kuma kada a zuba bayanan majinyaci a manhajar da wurin aiki bai amince da ita ba.

Me ya sa kwamfutar asibiti ba ta iya karanta bayanan wata cibiya?

Kamfanoni daban-daban ne suka gina su, kowanne da yadda yake jera bayanai. Don magance haka ƙungiyar HL7 ta samar da ƙa'idar FHIR, wadda take tsara yadda manhajoji za su miƙa wa juna bayanin magani, gwaji ko ganin likita. Manhajar DHIS2 ta Jami'ar Oslo kuma ƙasashe fiye da 70 suna amfani da ita wajen tattara alƙaluman lafiya. Idan za a sayo sabon tsari a wurin aikinku, ku tambaya tun kafin a sa hannu ko yana bin irin waɗannan ƙa'idoji, ko za a iya fitar da bayanai idan an rabu da kamfanin, da kuma ko ɓangaren jin daɗin jama'a zai iya ganin abin da ya shafe shi.

Amsoshi masu kyau suna nutsewa cikin tarin saƙonni. Yaya za mu adana su, mu kuma san ko ana amfana?

A naɗa mutum ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa duk wata, ya tsamo tambayoyin da aka warware ya zuba su a takarda guda da kowa zai iya buɗewa. Kowace amsa ta ɗauki kwanan wata, madogararta, sunan wanda ya duba ta, da ranar da za a sake dubawa. Wadda ta tsufa a cire ta ko a yi mata alama a fili. Ma'aikacin da ya kusa ritaya ko sauyin wurin aiki a zauna da shi a naɗi hira kan matsalolin da ya fi gani da yadda yake warware su.

Wajen aunawa, yawan mambobi da yawan saƙonni ba sa nuna komai sosai. A duba tsawon lokacin da tambaya take ɗauka kafin a amsa, mutum nawa ne daga ƙananan ma'aikata da ɓangaren jin daɗin jama'a suka gabatar da matsala a wata ukun da suka wuce, da kuma ko fayilolin majinyata suna nuna an sauya wani abu da aka tattauna. A ɗauki fayil goma kafin a fara batun da goma bayan wata shida, a kwatanta su a zama na gaba.